Rijiya Ta Bayar: Hasken Rana, Sabuwar Fasaha da Makomar Wutar Lantarki a Ƙasarmu



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da malamai, iyayenmu mata, 'yan kasuwa da masu sana'a da suka rufe shagunansu don su halarci wannan zama, da ku 'ya'yana ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Na gode wa waɗanda suka shirya taron da suka ba ni wannan dama. An nemi in yi magana kan sabuwar fasaha da makomar makamashi. Fage ne mai faɗi, don haka zan tsaya kan ɓangaren da ke taɓa kowane gida a cikinmu, wato wutar lantarki: daga ina take zuwa, me ya sa ba ta isar mu, me ya sauya a duniya, kuma mene ne namu aikin.

Darasin Oktoban 2024

Babu wanda ke cikin wannan zaure da ya manta da ƙarshen watan Oktoba na 2024. Ɓarayi da 'yan ta'adda sun lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sai nauyi ya koma kan layin da ke zagayowa ta Makurɗi da Jos, shi ma ya samu matsala. Yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a cikin duhu. Na ga telan unguwarmu zaune a bakin shagonsa, ga ɗinkin biki jibge a kan tebur, ga keken surfani a kashe. Mai ƙanƙara ya kwashe kayansa ya zubar. Mata sun yi ta yawo da bokitin markaɗe suna neman injin da ke da mai. A asibitoci ana lissafin litar man da ta rage a janareta kafin a shiga ɗakin tiyata.

'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu ɗanɗana irin wannan. Kafin juyin mulkin Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha daga Najeriya take zuwa. Da aka katse layin a watan Agusta na wannan shekarar, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga rabon wuta mai tsanani, ba a mayar da ita ba sai a 2024.

Abin da ya faru a ƙasashen biyu iri ɗaya ne. Al'umma ce mai miliyoyin mutane ta rataya rayuwarta a kan waya ɗaya ko biyu da suka taso daga nesa. Ran da waya ta tsinke, komai ya tsaya cik.

Yadda aka gina tsohon tsari

Tsarin da muka gada ya haura shekara ɗari. A 1882 Thomas Edison ya buɗe tasharsa a birnin New York na Amurka, a 1896 kuma wuta ta fara haskawa a Legas. Hikimar tsarin ita ce a gina ƙatuwar tasha a inda makamashi yake, a ɗora wutar a kan manyan turaku, a kai ta birane, taransfoma ta rage mata ƙarfi, sannan a raba wa gidaje. A kan haka aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, wadda daga baya ƙarfinta ya kai megawat 760, aka biyo da Jebba a 1985, Shiroro mai megawat 600 a 1990, sai Zungeru mai megawat 700 a 'yan shekarun nan. Amma kusan kashi uku cikin huɗu na wutar da ke kan layin ƙasa daga tashoshin iskar gas take fitowa, yawancinsu kuwa a Kudu suke. Mu nan a ƙarshen waya muke.

Akwai wata ɗabi'a ta wutar lantarki da ya kamata kowa ya sani, domin ita ce tushen abin da ake kira faɗuwar babban layi. Wutar da ke kan layi ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. A daidai daƙiƙar da aka samar da ita, a nan ake shan ta. Injinan dukkan tashoshi suna juyawa tare a kan ma'auni guda, zagaye 50 a kowace daƙiƙa. Idan wata babbar tasha ta tsaya ba zato, ko layi ya tsinke, nauyi ya fi ƙarfin sauran, sai su riƙa kashe kansu ɗaya bayan ɗaya don kada su ƙone, cikin 'yan mintuna ƙasa ta yi duhu.

Mun sha sauya wa tsarin suna. An kafa hukumar wuta ta NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, a Nuwamban 2013 aka miƙa samarwa da rarrabawa ga kamfanoni masu zaman kansu. Duk da haka, ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ne a yawancin ranaku. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar layi sam. Wanda ya san Kakuri a Kaduna, ya san Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano lokacin da masaƙu ke tashin ma'aikata sau uku a rana, ya san abin da rashin wuta ya taimaka wajen cinyewa. A Nijar kuma, yuraniyom ɗin Arlit a baya ya daɗe yana ciyar da tashoshin nukiliya na Faransa, alhali mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wuta a gidansa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Abin da ya sauya

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abubuwa uku ne suka sauya kiɗan makamashi a duniya, kuma duk ukun sun iso kasuwanninmu.

Na farko shi ne farantin sola. A 1954 masana a ɗakin binciken Bell na Amurka suka ƙera farantin siliki na farko mai amfani, wanda ke mayar da kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa zuwa wuta. Tsadarsa ta sa sai taurarin ɗan'adam ake liƙa wa. A tsakiyar shekarun 1970, wat ɗaya ya haura dala 70. Yau a kasuwar duniya bai kai senti 20 ba, kuma faranti mai kyau yana kama sama da kashi 20 cikin 100 na hasken. Yaya aka yi? Jamus ta yi doka a 2000 da ta tabbatar wa duk mai sola cewa za a sayi wutarsa da farashi mai gwaɓi, buƙata ta ƙaru, sai China ta gina manyan masana'antu, har ta kai yau fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan duniya a can ake yin su. Masana sun lura cewa duk lokacin da yawan farantan da aka ƙera ya ninka, farashi na sauka da kusan kashi 20 cikin 100. Man fetur kullum sai an haƙo sabo an ƙona. Faranti kuwa kayan masana'anta ne: yawan ƙera shi, yawan ƙwarewa, yawan sauƙinsa.

Ku dubi abin da wannan ke nufi gare mu. Hasken ranar da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya a Sakkwato ko Agadas ko Maiduguri a shekara ya kusa ninka wanda ke sauka a Jamus. Amma zuwa ƙarshen 2023 Jamus ta girka sola da ta haura megawat 80,000. Ranar da muke gudu mu fake a inuwa saboda ita, wadda take ƙona mana ƙafa a watan bazara, ita ce arzikin da wasu ke nema ruwa a jallo. Rijiya ta bayar tun tuni. Abin da ya rage kada guga ya hana.

Na biyu shi ne batir. Babban aibin sola a da shi ne rana na faɗuwa wuta ta tafi, daidai lokacin da magidanci ya fi buƙatarta. Batirin litiyom da ke cikin wayar kowannenmu ya shiga kasuwa a 1991 ta hannun kamfanin Sony, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar yabo ta Nobel saboda shi. A 2010 batirin da zai ajiye yunit ɗaya na wuta ya haura dala 1,000. A 2023 ya sauko ƙasa da dala 150. Ma'ana, an fara samar wa wuta rumbu. Abin da aka tara da azahar za a iya ci da isha'i.

Na uku ƙananan abubuwa ne da suka haɗu suka zama babba. Ƙwan fitila na zamani mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa. Fankoki da firji na yanzu ba su da ci kamar na da. Mita mai kati ta ba mutum damar sayen wuta daidai aljihunsa. Biyan kuɗi ta waya ya sa kamfanoni irin su M-KOPA a Kenya suke ba talaka sola ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har ta zama tasa. Da aka haɗa faranti da batir da mita, sai aka samu ƙaramar tashar gari: fili guda a bayan ƙauye, da 'yan turaku, ta ciyar da gidaje da shaguna da injin niƙa ba tare da jiran waya daga Shiroro ba. Tun 2016 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta fitar da ƙa'idojin irin waɗannan tashoshi.

Wannan duk ba labarin nesa ba ne. Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar sola a 2019. A Janairun 2023 aka buɗe ta Kumbotso mai megawat 10. A Nijar akwai ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, da ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30, wadda ta fara aiki a 2023, daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Masar ta gina tashar Benban kusa da Aswan, Maroko ta gina ta Noor a Warzazat. Wadda ta fi jan hankalina ita ce Pakistan, ƙasa mai zafi da yawan jama'a da tsadar wuta irin tamu. A 2024 kaɗai ta shigo da farantai na kimanin megawat 17,000, kuma yawancinsu manoma da masu shaguna da masu masana'antu ne suka saya da kuɗinsu.

A bakin fadama

Bari in kai ku fadama, domin a can ne lissafin ya fi fitowa fili. Kafin 29 ga Mayun 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000 a wurare da dama. Manomin rani mai tumatir ko albasa ko alkama da injin fetur yake ban-ruwa. Wasu sun mayar da injinansu na gas ɗin girki, wasu sun rage gona, wasu sun haƙura da noman baki ɗaya.

Na ziyarci wani dattijo a gonarsa ta albasa da hantsi. Ba ƙarar inji, ba hayaƙi, ba jarka. Farantai huɗu ne a jingine a kan ƙarfe suna fuskantar kudu, waya ta gangara cikin rijiya, ruwa na kwarara cikin gona. Jikansa na tsaye da tsumma yana goge ƙurar hunturu daga kan gilashin. Dattijon ya ce mini, "Malam, da kullum da asuba tunanina kuɗin mai. Yanzu in rana ta fito ruwa ya fito." Ku lura da hikimar wannan inji: ba ya buƙatar batir ko kaɗan. Lokacin da rana ta fi zafi, lokacin shuka ta fi ƙishi, kuma lokacin injin ya fi ƙarfi. Wanda ke son ruwa da dare sai ya tura shi tanki da rana, tankin ya zame masa batir.

Irin wannan amfani nake so mu sa a gaba. Fitila da cajin waya alheri ne, amma wutar da ke fitar da mutum daga talauci ita ce wadda ke juya inji: ban-ruwa, niƙa, casar shinkafa, walda, ɗinki, da ɗakin sanyi da zai hana kwandunan tumatir ruɓewa a kasuwa, da firjin da zai riƙe allurar rigakafi a asibitin karkara. Wutar da ke samar da kuɗi ita ke iya biyan kuɗin kanta.

Inda gizo ke saƙa

Zan ci amanarku idan na tsaya a kan daɗin labarin. Akwai matsaloli, kuma namu ne na musamman.

Akwai ƙura da zafi. Ana auna ƙarfin faranti ne a zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa ƙarfi kaɗan. Wanda ya manna faranti a jikin kwano ba tare da barin hanyar iska a ƙarƙashinsa ba, ya yi asara tun kafin ya kunna. Ƙurar hunturu in ta kwanta ba a goge ba, ta tare haske. Batirin dalma kuwa zafi makashinsa ne. In aka kulle shi a ɗaki marar iska, ana kuma tatse shi har ƙasa kowane dare, da wuya ya yi nisan kwana.

Akwai jabun kaya da jabun ma'aikata. Faranti an rubuta masa wat 300 alhali bai kai ba, tsohon batir an yi masa fenti, siririyar waya an ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta har ta kama da wuta. Araha ba ta ado. Duk gidan da aka cuta sau ɗaya, unguwa guda ce ta yanke ƙauna daga sola.

Akwai guba. Mataccen batirin dalma ana fasa shi a bayan gida, a zubar da ruwansa a ƙasa, a narka dalmar a fili yara na wasa a gefe. Mun san abin da dalma ke yi. A 2010, a ƙauyukan Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu sanadiyyar dalmar da ke cikin duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje. Kada mu kori duhu mu shigo da guba.

Akwai jari. Janareta sayensa da sauƙi, riƙonsa da tsada. Sola akasin haka take: kuɗin shekaru ake biya a rana ɗaya. Shi ya sa mai hali ya riga ya girka tasa, talakan da ya fi kowa shan wahalar mai yana kallo.

Akwai kuma kula da abin da aka gina. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, ta shafe fiye da shekara goma ana jiran kammaluwarta. Fitilun sola nawa ne a titunanmu suka mutu bayan shekara biyu saboda ba a ware ko sisi na sauya batir ba? Rijiyoyin burtsatse nawa ne suka tsaya saboda ƙaramin abu ya ƙone babu mai gyarawa a duk ƙaramar hukumar?

Sannan kada wani ya ce mun gama da babban layi. Masaƙa da kamfanin siminti da injin narka ƙarfe suna buƙatar wuta mai ƙarfi dare da rana. Muna buƙatar madatsun ruwanmu, muna buƙatar a kammala bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, Nijar na buƙatar madatsar Kandaji. Tsarin gobe haɗaka ne: manyan tashoshi da ƙanana, ruwa da gas da rana da iska da batir, suna tallafar juna, ta yadda in waya ɗaya ta tsinke gari ba zai mutu ba.

Namu aikin

Yanzu na zo kan abin da ya kawo ni. Kayan aro ba ya rufe katara. Faranti daga China yake zuwa, batir da inbata haka. Idan muka tsaya a saye kawai, mun bar dogaro da mai mun koma dogaro da jirgin ruwa. Fasaha ba ta zama taka sai ka iya auna ta, ka girka ta, ka gyara ta, daga baya ka fara haɗa ta da hannunka.

Mun taɓa yin haka. Wayar salula ta shigo a 2001 babu wanda ya san cikinta. Yau ku shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ku ga matasa da ƙaramin madubi da ƙarfen liƙi suna ta da wayar da aka fid da rai da ita. Hannun da ya iya wannan zai iya gyaran inbata, zai iya haɗa batirin litiyom. Illa iyaka wuta ba ta yafe ganganci, don haka sai an haɗa basirar kasuwa da ilimin aji.

'Ya'yana ɗalibai, maza da mata, ku riƙi lissafi da kimiyyar lantarki da muhimmanci. Ku iya shiga gida ku ƙirga nauyin kayan wutarsa, ku faɗi adadin faranti da girman batir da kaurin wayar da ya dace, ku faɗi gaskiya ko da za ta hana ku ciniki. 'Yan mata, akwai gidaje da yawa da mace ce kaɗai za ta shiga cikinsu kai tsaye ta yi aiki. Wannan kasuwa taku ce.

Malamai da shugabannin makarantu, ku sa farantai da batura a ɗakin gwaji, ɗalibi ya taɓa da hannunsa. Ku yi bincike kan matsalolinmu: ƙura, zafi, da yadda za a tattara matattun batura a sarrafa su ba tare da cutar da kowa ba. Ana haƙo litiyom a Nasarawa da wasu jihohinmu. Kada ya bi hanyar da gyaɗa da fata da yuraniyom suka bi, a fita da shi ɗanye a dawo mana da shi da tsada.

'Yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun san adashi tun kaka da kakanni. Manoma goma za su iya yin adashin injin ban-ruwa, layin shaguna guda zai iya haɗa kuɗi ya rufe samansa da farantai. Masu hannu da shuni da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, ku sayi kayan ku sayar wa masu sana'a su riƙa biya sannu a hankali daga abin da da suke kashewa a mai.

Hukumomi, dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samarwa da rarrabawa da tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu. Uzurin jiran Abuja ya ragu ƙwarai. Ku tsare kasuwa daga jabun kaya, ku tantance masu girkawa, kuma duk aikin sola da za ku bayar, ku rubuta kuɗin kula da shi da sunan mai gyaransa tun ranar farko. Iyayenmu sarakuna da limamai, tashar gari amanar gari ce. Ku tsaya a kan tsaronta, ku nuna wa jama'a cewa satar wuta da satar waya cin haƙƙin maƙwabci ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaran da ke firamare yau su ne za su riƙe gidaje da gonaki da masana'antu nan da shekara ashirin, kuma yawansu ya fi namu. Allah ya ba mu rana wadatacciya, duniya ta sauƙaƙa kayan kama ta, doka ta buɗe ƙofa. Ina roƙon kowa da ke cikin wannan zaure ya fita da aiki ɗaya a hannunsa: ɗalibi ya koyi sana'ar, mai kuɗi ya zuba jari, shugaba ya kula da abin da aka gina.

Allah ya haskaka garuruwanmu da zukatanmu, ya sa albarka a abin da muka tattauna.